RA'AYINMU: ƊAN KALLO DA BAKINSA, MAI HORO DA NAUYINSA

Duk ranar da Mena ta buga wasa, kashegari ƙasar nan takan wayi gari cike da gwanayen horas da ƴan ƙwallo. A fadar samari wajen shan shayi, a tashar mota, a rumfunan babbar kasuwar Maraɗi da na kasuwar Dole ta Damagaram, har cikin ma'aikatun gwamnati a Yamai, kowa ya san wanda ya kamata a sa, ya san wanda ya kamata a ajiye. In an yi nasara, sai a ce ƴan wasa sun yi ƙoƙari. In kuwa an sha kaye, magana uku ake ji: a kori mai horo, don me aka bar wane a gida, mai tsaron gida ya sayar da mu.

Wannan shafi bai ga laifin mai magana ba. Ƙungiyar ƙasa ta ƴan ƙasa ce. Da kuɗin jama'a ake yi mata jirgi da masauki, tutar jama'a take ɗauka, taken jama'a ake yi mata kafin a take ƙwallo. Wanda ya biya kuɗin shiga fili, ya zauna cikin rana tun azahar, yana da haƙƙin ya faɗi abin da ya gani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma fa akwai iyaka tsakanin faɗin ra'ayi da yanke hukunci. Ra'ayi na kowa ne. Zaɓen ƴan wasa kuwa aikin mutum ɗaya ne, wanda aka ɗora wa nauyin, wanda kuma za a tuhuma in abu ya ɓaci. Ranar da aka rikita waɗannan abubuwa biyu, ƙungiya ta shiga uku. Tarihin Mena da kansa ya isa shaida.

Abin da ƴan kallo suka yi wa Mena

Mu fara da ba ɗan kallo haƙƙinsa. A wasannin tankaɗe da rairaya na Kofin Afirka na 2012, an haɗa Nijar rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ita ke riƙe da kofin a lokacin, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ba wanda ya sa Nijar cikin lissafi. Amma a watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seyni Kunce, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo a ragar Masar, aka tashi ci 1 da nema. A 2011 Saliyo ta zo Yamai ta sha ci 3 da 1, Afirka ta Kudu ta zo ta sha ci 2 da 1. Wasa uku a gida, nasara uku. Wasa uku a waje kuwa, kaye uku, ba tare da mun ci ko ƙwallo ɗaya ba. Duk maki 9 da suka kai mu gasar a gaban jama'armu aka same su. Wanda ya ce kuwwar ƴan kallo da gangunansu ba su da amfani, to, ya dubi wannan lissafi.

A ranar ƙarshe ta waɗannan wasanni an yi wani abin da ya kamata kowane mai son ƙwallo ya riƙe. Afirka ta Kudu ta yi canjaras da Saliyo, ba ci, ƴan wasanta suka shiga rawa a fili, suna zaton sun tsallake da yawan ƙwallaye. Ashe dokar gasar ba haka ta ce ba. Ƙasashe uku sun yi maki 9, doka kuwa ta ce a duba sakamakon wasannin da suka yi tsakaninsu, a nan Nijar ce a gaba. Mai horon Afirka ta Kudu, Pitso Mosimane, bai fahimci dokar ba, dubban ƴan kallon da suka taya shi murna su ma haka. Amma da gaskiya ta bayyana, ba a nemi ɗan kallo ko ɗaya ya yi bayani ba. Shi aka nema. Wannan shi ne bambancin mai kallo da mai nauyi.

Abin da ɗan kallo ba ya gani

Ɗan kallo minti 90 yake gani. Mai horo yana ganin kwanakin da suka gabaci minti 90 ɗin. Ya san wanda ya sauka daga jirgi da daren jajibiri, ƙafafu a kumbure. Ya san wanda ke ɓoye ciwon gwiwa don kada a ajiye shi. Ya san wanda sunansa ya cika gari, alhali ya yi wata uku a kan benci a ƙungiyarsa ta waje. Ya san mai katin gargaɗi wanda in ya ƙara ɗaya ba zai buga wasa na gaba ba. Ya san wanda ke makara wajen motsa jiki, da wanda ba ya ga maciji da abokin wasansa. Yawancin waɗannan abubuwa ba zai iya faɗinsu a rediyo ba, domin faɗinsu tonon asirin ɗan wasa ne, kuma kyauta ce ga abokan gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daɗa ƙungiya ba tarin gwanaye ba ce. Mutum 11 ke shiga fili, kowa da aikinsa. Akan ajiye gwanin yanka a sa wanda ya fi shi komawa baya tare hari, domin wasan ranar abin da yake bukata ke nan. A 2013 Stephen Keshi na Najeriya ya bar wasu mashahuran ƴan wasa masu bugawa a Turai, irin su Peter Odemwingie, ya ɗauki samari masu bugawa a gida. An yi masa ca. Ɗaya daga cikin waɗannan samari, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta fid da Kodebuwa, shi kuma ya ci ƙwallo ɗaya tak da ta ba Najeriya kofin a wasan ƙarshe da Burkina Faso. Da an bi ta ƙuri'ar masu kallo, da wuya a ce yaron ya shiga jirgin.

Darasin 2012

Wanda ya kai Mena Kofin Afirka karo na farko ɗan ƙasa ne, Haruna Dula. A farkon 2011 ya kai ƴan wasanmu na gida zagayen ƙasashe takwas na gasar CHAN a Sudan. A watan Disamba na 2011 hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta zaɓe shi gwarzon masu horo na nahiyar baki ɗaya. Wannan girma ne da ba a taɓa yi wa ɗan Nijar ba a wannan fage.

Amma tun kafin a tafi Gabon aka shiga raɗe-raɗi cewa gasar ta fi ƙarfin ɗan gida, a nemo mai ƙwarewa. Sai aka ɗauko wani Bafaranshe, Rolland Courbis, aka ce mai ba da shawara ne. Aka buga wasan farko da Gabon mai masaukin baƙi, aka ci mu 2 da nema. Daga nan ragamar ta koma hannun mai ba da shawara. Tunisiya ta ci mu 2 da 1, Maroko ta ci mu 1 da nema, muka dawo gida ba maki ko ɗaya. Kafin shekarar ta yi nisa, shi ma Courbis ya ajiye aikin ya tafi.

Ba mu ce da an bar Haruna Dula da Mena ta ɗauko kofi ba. Gabon da Tunisiya da Maroko sun fi mu daɗewa a wannan fage, sun fi mu kayan aiki. Abin da muke cewa shi ne: har yau ba wanda zai iya faɗa da gaskiya ko wane ne ya kasa a Gabon. In ka tambayi magoya bayan ɗan gida, su ce an ƙwace masa aiki. In ka tambayi na baƙo, su ce an ba shi ƙungiya a makare. Kowa na da hujja, domin an raba nauyi gida biyu, nauyin da aka raba kuwa ba shi da mai shi. Ƴan wasa su ma mutane ne. Yaron da ya ga mai horonsa an mayar da shi gefe a tsakiyar gasa, muryar wa zai saurara? Ba a fafe gora ranar tafiya.

Shekara 11 bayan haka, a farkon 2023, aka sake ba Haruna Dula ƴan wasan gida, ya tafi da su gasar CHAN a Aljeriya, shi kaɗai a kan ragama. Suka ci Kamaru 1 da nema, suka ci Gana 2 da nema, suka kai wasan kusa da na ƙarshe. A nan Aljeriya ta ci su 5 da nema, suka ƙare a matsayi na huɗu. To, wannan karon lissafi a fili yake. Nasarar tasa ce, kayen ma nasa ne, mai yabo da mai suka duk sun san inda za su dosa.

Sauya mai horo ba shi ne magani ba

Bari mu ƙirga. Bayan Courbis aka ɗauko Gernot Rohr a 2012. Ya fid da Gine, ya kai mu Kofin Afirka na 2013 a Afirka ta Kudu, inda muka sami makinmu na farko a tarihin gasar, canjaras da Kwango ta Kinshasa, bisa ƙoƙarin mai tsaron gida Dauda Kasali. Rohr ya tafi a 2014. Aka ɗauko François Zahoui na Kodebuwa a 2015, sai Jean-Guy Wallemme a 2019, sai Jean-Michel Cavalli a 2020, sai Badou Zaki na Maroko a ƙarshen 2023. Baƙi shida ke nan daga 2012 zuwa 2023. A 2019 an ƙara yawan ƙasashen gasar daga 16 zuwa 24, wato ƙofa ta ƙara faɗi. Duk da haka, daga gasar 2015 har zuwa ta 2025, Mena ba ta sake shiga ba.

Wasu daga cikin waɗannan mutane an ba su shekara uku ko huɗu, wasu ba su cika biyu ba. Akwai ƴan Turai, akwai ƴan Afirka. Sakamakon kuwa kusan iri ɗaya. Ruwa ba ya tsami banza. In an sauya direba sau shida mota ba ta hau tudu ba, mai hankali sai ya buɗe inji ya duba. Ɗan kallon da ya tattara dukan fushinsa kan mai horo, ya sauƙaƙa wa kowa: an kori mutum ɗaya, jama'a ta huce, ainihin ciwon yana nan.

Wani ɓangare na ciwon kuwa a bayyane yake. A wasannin neman shiga Kofin Afirka na 2025, Mena ba ta buga ko wasa ɗaya a Yamai ba, domin CAF ba ta amince da filin Janar Seyni Kunce ba, filin da aka buɗe tun 1989. A 2024 sai da muka karɓi baƙinmu a Maroko da Togo. A watan Nuwamba na shekarar Mena ta ci Sudan 4 da nema a Lome, ta bi Gana har Akara ta ci ta 2 da 1. Aka tashi Sudan na da maki 8, Nijar na da 7. Maki ɗaya tak ya hana mu. Mai karatu ya tuna maki 9 na 2011, da inda aka same su, sa'an nan ya yi wa kansa hisabi: wannan maki ɗaya, a kan bencin mai horo ya ɓace, ko a filin da babu ƴan kallonmu?

Gani ga wane

Senegal ta ɗora Aliou Cissé a 2015. A 2017 Kamaru ta fid da shi, a 2018 ya fita daga Kofin Duniya tun zagayen farko, a 2019 Aljeriya ta ci shi a wasan ƙarshe. Kowane karo akwai masu cewa ya isa haka nan. Hukumar ƙasarsa ta riƙe shi. A watan Fabrairu na 2022, a Kamaru, ya ba Senegal Kofin Afirka na farko a tarihinta, bayan shekara bakwai yana gini. Mahaƙurci mawadaci.

Wannan gardama ba a Afirka kaɗai ake yinta ba, ba kuma a kan ƙwallo irin tamu kaɗai ba. Amurkawa suna da wani wasa nasu da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu ake yawancinsa, ƙwallon kuma doguwa ce kamar gwanda. Kowane gefe mutum 11 ne. A cikinsu akwai ɗaya da suke ce wa kwatabak, wato madugun hari: shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke jefa ta ga wanda ya ga ya dace. Matsayi ɗaya ne, mutum ɗaya ke riƙe shi, saboda haka babu abin da magoya baya suka fi yin musu a kansa kamar wanda za a ba shi.

Wani mai horo, Bill Belichick, ya gamu da wannan musu sau biyu. A 1993, yana ƙungiyar birnin Cleveland, ya sallami madugunsu Bernie Kosar, ɗan yankin, abin ƙaunar jama'a. Gari ya ɗauki zafi, ƴan kallo suka riƙa kuwwar a kore shi. Masu ƙungiya suka bar shi ya ci gaba. Da ya cika shekara biyar, aka duba aka ga kayensa ya fi nasararsa yawa, aka sallame shi a farkon 1996. A 2000 ƙungiyar New England Patriots ta ɗauke shi. Madugunta, Drew Bledsoe, ya sa hannu a 2001 kan yarjejeniyar shekara 10 ta dalar Amurka miliyan 103. A watan Satumba na shekarar ya ji mummunan rauni, aka sa wani yaro, Tom Brady, wanda sai da aka zaɓi mutum 198 kafin a zo kansa a zaɓen sababbin ƴan wasa na 2000. Da Bledsoe ya warke, gari ya rabu biyu. Belichick ya ce yaron zai ci gaba. A watan Fabrairu na 2002 suka ɗauki babban kofin ƙasar, daga baya suka ƙara biyar tare.

Mutum ɗaya, hukunci iri ɗaya: sau ɗaya bai haifi abin da ake so ba, sau ɗaya ya haifa. Ke nan mai horo ba ma'asumi ba ne, ɗan kallo kuma ba kullum yake kan kuskure ba. Amma a duka biyun an bar mai nauyi ya yanke, aka jira sakamako, sa'an nan aka yi masa hisabi. Abin koyin ke nan.

Masu ja da wannan magana

Wani zai ce: to, Kodebuwa fa? A watan Janairu na 2024, tana masaukin baƙi, Gine Ekwatoriyal ta ci ta 4 da nema, aka sauke Jean-Louis Gasset a tsakiyar gasa, mataimakinsa Emerse Faé ya karɓa, ya ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe ya ɗauki kofi. Gaskiya ne. Akwai ranar da sauyi yakan zama wajibi. Amma a lura da yadda aka yi shi: an sauke ɗaya a fili, an ɗora ɗaya a fili, wanda ya riga ya san ƴan wasan ciki da bai. Ba a bar mutum biyu kan kujera ɗaya ba.

Wani kuma zai kawo labarin Roger Milla, wanda shugaban ƙasar Kamaru Paul Biya ya sa baki aka mayar da shi ƙungiya a 1990 yana da shekara 38, ya ci ƙwallo 4 a Kofin Duniya na Italiya, Kamaru ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai zagayen ƙasashe takwas. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai labarin da ya yi daɗi shi ake bayarwa. Shisshigin da ya ɓata ƙungiya ba mai fitowa ya ce nasa ne. Ba a gina ƙa'ida a kan sa'a. In kowane babba zai aika da sunan nasa, wa zai hana na kusa da shi aikawa?

A nan ne muke jan hankalin magabata da ma'aikatan hukuma masu karanta wannan shafi. Ɗan kallo na tasha bakinsa kaɗai gare shi. Amma mai muƙami in ya zama ɗan kallo, ra'ayinsa yakan zo da nauyin kujerarsa. Kiran waya ɗaya daga babban ofis ya fi kuwwar mutum dubu. Mai horon da ya san albashinsa na hannun mai kiran, da wuya ya ce a'a. Daga ranar da ya ce to, ya daina zama mai horo, ya koma magatakarda.

Haɗari na biyu ya fi wannan. Shi ne ɗan kallon da ke karanta jerin sunayen ƴan wasa yana ƙirga jaha: nawa ne ƴan Yamai, nawa ne ƴan Damagaram, ina na Tawa, ina na Agadas. Son ƙungiyar gari abu ne mai kyau. Ɗan Maraɗi ya so Ɗan Kasawa, ɗan Damagaram ya so Espoir, ɗan Arlit ya so Akokana, ɗan Yamai ya so Sahel ko Olympic ko Zumunta. A fagen kokowa ma kowace jaha da ƴan kokowarta take zuwa neman takobi, tun daga 1975 da aka fara a Tawa. Amma Mena ba gasar jahohi ba ce, ba kuma rabon muƙamai ba ce. Ranar da Musa Ma'azu ya ci Masar, ba wanda ya tambayi garinsu kafin ya yi tsalle. Ƙwallo na cikin ƴan abubuwan da ke tara ƴan Nijar duka bayan tuta ɗaya. Wanda ya shigo da ɓangaranci cikinta ya yi wa ƙasa ɓarna wadda ta fi kaye goma.

Abin da muke kira a yi

Ga hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, FENIFOOT, da ma'aikatar wasanni: duk wanda za a ɗauka, ɗan gida ko baƙo, a rubuta masa wa'adi, a rubuta abin da ake so ya cim ma, a sanar da jama'a. A biya shi haƙƙinsa kan lokaci, a ba shi wasannin gwaji da kwanakin horo. In wa'adi ya cika a auna shi da abin da aka rubuta. In ya kasa a sallame shi da mutunci, a gaya wa jama'a dalili. Kada a ɗora masa wani a kai da sunan shawara. Kuma ma'aunin da aka auna baƙo da shi, a auna ɗan gida da shi, wajen albashi da wajen haƙuri.

Ga mai horo: ikon da muke nema maka ba izinin girman kai ba ne. Jama'ar da ke biyanka tana da haƙƙin jin bayani. In ka fid da sunaye, ka zauna gaban ƴan jarida ka faɗi abin da zai faɗu, da faransanci da harsunan ƙasa, domin mai sauraro a ƙauye shi ma nasa ne. Ka taka zuwa Maraɗi da Damagaram da Tawa da Doso ka kalli wasannin gida da idonka. Mai horon da ba a taɓa gani a filayen jahohi ba, shi ya buɗe wa masu zargi ƙofa.

Ga masu sharhi a gidajen rediyo da talabijin: ku ne malaman ƴan kallo. Ku karanta dokokin gasa ku bayyana su. Ku soki dabara, ku soki sauyin da aka yi a makare, ku kawo hujja. Amma kalmar cin amana da ta sayar da wasa ba abin wasa ba ce. Mai tsaron gidan da ƙwallo ta kuɓuce masa yana da uwa da uba, yana da mata da ƴaƴa masu zuwa makaranta kashegari. In akwai shaida, a kai ta gaban hukuma. In babu, a kama baki.

Ga ƴan kallo kuma: ku ci gaba da magana, amma ku ɗaga tambayarku sama da benci. A 2017 yaranmu ƴan ƙasa da shekara 17 sun je Kofin Duniya a Indiya, sun ci Koriya ta Arewa, sun tsallake zagayen farko. Ku tambaya wane tanadi aka yi wa irin waɗannan yara bayan sun dawo. A 2019 Yamai da Maraɗi sun karɓi Kofin Afirka na ƴan ƙasa da shekara 20. Ku tambaya yadda ake kula da filayen da aka gyara domin wannan gasa. Ku tambaya ko gasar ƙungiyoyin gida na farawa kan lokaci, ko ana biyan ƴan wasa, ko makarantu na da filin ƙwallo. Sa'an nan ku je kallon ƙungiyar garinku ranar Lahadi, ku biya kuɗin shiga. Wanda ya san sunan ƴan wasan Ingila da na Sifen kaf, amma bai taɓa taka filin garinsu ba, da wane ido zai ce an bar gwani a gida?

An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mena ta 2011 ta nuna ƙasar nan tana da ƙafar gudu. Abin da ya rage shi ne kowa ya tsaya a matsayinsa: hukuma ta shirya fage, mai horo ya zaɓa ya ɗauki nauyin zaɓensa, ɗan wasa ya zub da gumi, ɗan kallo ya cika fili ya faɗi gaskiya ba da zagi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma in za a ɗora ta, mutum ɗaya ke ba da murya.

Allah ya ba Mena sa'a, ya ƙara haɗa kan ƴan Nijar. Amin.